Tsohuwa a Gaban Kwandon Kuɓewa

Duk Asabar da safe Hudu kan ture littattafan jami'a gefe, ya hau keke zuwa kasuwar manoma ta garin Greensboro, can ƙasar Turawa inda yake karatu, don dai ya ga mutane. Yau idonsa ya tsaya kan wata tsohuwa baƙar fata, 'yar ƙasar, tana tsaye gaban kwandon kuɓewa.

Gajeriya ce, da hula ruwan hoda, tabarau ya sauko kan hanci, takalmanta farare sun sha wanki. Hudu yana zaton ta yi shekaru tana girki a ɗaya daga manyan gidajen Irving Park, unguwar masu kuɗi, yanzu kuma jikokinta kawai take dafa wa. Ko kallon mai kayan ba ta yi. Sai ta ɗauki kuɓewa, ta sa babban yatsa ta danna tsininta. In ya karye ƙas, ta jefa a jaka. In ya lanƙwashe, ta mayar tana taɓe baki. Haka Innarsa take yi a kasuwar Funtuwa, har da taɓe bakin.

Bai san sa'ad da ya ce, "Sannu, Mama," ba.

Ba ta jin Hausa, amma ta gane gaisuwa ce. Ta kamo hannunsa, ta zuba masa waɗanda ta zaɓa, ta ce da Turancinta mai jan murya, "Riƙe waɗannan, ɗana. Kar ka bari ya sayar maka da itace."

Hudu bai taɓa kaɗa miya ba a rayuwarsa. Sai da ya cika jaka.