Sallar da Muka Toshe Zauren Baba da Zana

Ko da tsufa zai ɗauke mini duk abin da na gani a zaman aurena a Mabai, ba zai ɗauke Babbar Sallar da muka toshe ƙofar zaure da zana ba. Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma a shekarun nan Sallar layya tsakiyar marka take faɗowa. Ina da goyon fari, girkin gidan kuma duk yana hannuna, don ciwon ƙafa ya hana surukata Inna tsayuwa.

Zauren nan kakan mijina ne ya gina shi, soro ne mai azara. A wurin surukina, wanda muke kira Baba, babu abin da ya kai shi daraja. A cikinsa dangi ke taruwa duk Sallah, na Sheme da na ƙauyukan Faskari, a ci tuwo, a yi wa magabata addu'a. Kowace shekara sai Baba ya sa an yi wa fuskar zauren sabon yaɓe, masu wucewa suna yabawa. Bayansa kuwa, wanda ke kallon cikin gida, ba mai waiwayarsa. Nan Baba ya kafa turken ragunan layya, wai don ya riƙa jin motsinsu daga inda yake zaune. Shekara da shekaru raguna na fitsari a gindin bangon, suna lasar ƙasar, suna susa a jikinsa, indararo kuma na ta kwararo ruwa a wurin.

Ni na fara gani. Ina shara da safe, ɗan tsako ya shige ta gindin bangon, sai na ji kukansa daga cikin zaure. Na durƙusa na taɓa wurin, ƙasar ta biyo hannuna kamar dafaffiyar kabewa. Da na ɗaga kai na ga tsaga ta tashi tun daga ƙasa har kusa da azara. Matar ɗa ba ta tunkarar suruki da magana, don haka na gaya wa Inna, ita kuma ta gaya masa. Ya ce mata ai mata ba su rasa abin tsoro, a kira magini ya shafe wurin.

Magini ya zo ya tona kaɗan, ya ce harsashin ya ruɓe, ba gyara sai ruwa ya ɗauke. Kafin nan a tokare bangon da gwafa, kuma kada a tara mutane a ciki. Baba ya ce zauren mahaifinsa ba zai dogara sanda kamar tsoho a ranar Sallah ba.

Na ji haushinsa ƙwarai, sai da Inna ta zaunar da ni ta warware mini. Baba yana da ƙane, Baba Ƙarami, wanda ya yi fushi kan rabon gona bayan rasuwar mahaifinsu, ya kwashe iyalinsa ya koma Sabuwa. Tun kafin a kawo ni gidan bai sake tako Mabai ba. To bana ya aiko cewa yana nan tafe yawon Sallah. A wajenmu kuwa, ɗan gida ba a tarbarsa a waje. In ka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida alhali zauren ubansa na tsaye, ka ce masa shi bare ne ba tare da ka buɗe baki ba.

Daga nan haushina ya koma tausayi. Dattijon nan ya rasa inda zai sa kansa: ko ya zaunar da ƙanensa ƙarƙashin soron da zai iya rufto musu, ko ya ajiye shi a waje ya tafi ke nan har abada. Akushin tuwonsa yadda na kai haka yake dawowa. Ya fito ya faɗi gaskiya kuwa, wannan ko a ransa bai kawo ba.

Ranar taron, bayan ruwan da aka sha, tsagar ta ƙara buɗewa. Baba ya zagayo ya tsaya a gabanta ya daɗe, sannan ya sa mijina ya toshe ƙofar zaure da zana, a shimfiɗa tabarmi a gindin ceɗiya. Ya ce wa baƙin Sheme wai ciki akwai zafi. Zafi a marka, ga iska na kaɗa musu riguna. Suka dubi juna suka zauna, don ba a ƙaryata dattijo a ƙofar gidansa.

Abin da ya faru a waje mijina ne ya ba ni labari daga baya. Baba Ƙarami ya iso kan jaki da 'ya'yansa, laka har gwiwa, sun sha ƙetare koramu. Ya dubi zana, ya dubi tabarmi. Ko takalmi bai cire ba, ya gaisa a tsaye, ya ce dama wucewa yake yi, a Kankara zai kwana. Ya juya kan jakinsa.

Sauran kuwa da idona na gani. Ina tuƙa tuwo sai ga Baba riƙe da hannun wani dattijo mai kama da shi, ya jawo shi ta kafar dangar da awaki ke shigowa. Na ja mayafi na sunkuyar da kai. Ya kai shi har gaban bangon.

"Diba da idonka," in ji Baba. "Ba hana ka zauren ubanmu na yi ba. Riƙonsa ne na kasa, kunya kuma ta hana ni hwaɗi."

Baba Ƙarami ya zura hannu cikin tsagar, ya shige har wuyan hannu. Ya zaro shi, ya dubi Baba ya ce:

"Yaya, wannan ne ka ɓoye mani? Da na hau jakin nan, da ni da kai sai a lahira."

Sai ya dubi turke, ya goge ido da hannun riga, ya tambayi yayansa wa ya taɓa ɗaure rago a gindin bango in ba shi ba. Baba ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na yi kuka, na bar shi a kan hayaƙin murhu.

Nan take Baba Ƙarami ya tuɓe babbar rigarsa ta Sallah ya rataya a danga, ya nemi gatari. Baƙin Sheme suka biyo shi, aka saro gwafanni aka tokare bangon nan da Baba ya rantse ba za a tokare ba. Kafin su gama tuwona ya huce, ruwa kuma ya sauko. Maza suka cushe a ɗakin Inna, mata a nawa, yara a rumfar awaki. Ban taɓa ganin Sallar da aka ci tuwo a takure haka ba, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Da rani ya shigo Baba Ƙarami ya dawo da 'ya'yansa. Suka rushe bangon baya, suka haƙa sabon harsashi suka zuba dutsen marmara, turke kuma aka mayar da shi can ƙarshen gida. A zauren nan su biyun suka yi ta Sallah tare har Allah ya karɓi ran Baba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada kunya ta sa ka ɓoye wa ɗan'uwanka matsalarka. In ka yi shiru, shi zai fassara shirun da kansa, kuma ba lallai ya fassara shi da alheri ba. Saura ƙiris Baba ya rasa ƙanensa saboda tsagar da ƙanen nan ya zo ya gyara da hannunsa.