Rubutun Dangana

Shekaranjiya da hantsi wani matashi maƙwabcina, mai ɗaukar fasinja a babur tsakanin Jibiya da bakin iyaka, ya yi sallama a zaurena. Ya ce za su yaye ɗansu, yana son rubutun dangana, wanda ake ba yaro ya sha don ya manta da nono. Na jawo allo na rubuta abin da na gada, na jingine shi ya sha iska. Da na zuba ruwa na fara wankewa a ƙoƙo, sai ƙanshin nan ya taso mini, na gawayi da ƙaro da jiƙaƙƙen itace. Na fi shekara arba'in ina wanke allo, amma in dai na yaye ne, sai in ji hannuna ya yi nauyi. Bari in gaya maka dalili.

An haife ni a Jibiya saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ni ne ɗan fari. In kai ɗan zamani ne, sai na yi maka bayani. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane sai dole. In ya faɗi ya fasa baki, kau da kai za ta yi, wata ta ɗauka. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Inna ta riƙe kunyar nan da hannu biyu. Sunana a bakinta “wancan”.

Yawancin abin da zan faɗa ba ni na riƙe shi ba, don lokacin ban cika shekara biyu ba. Gwaggo ce ta ba ni, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, ita ke juya cikin gida. Sauran kuma daga Kaka na ji, mahaifiyar Inna. Sun maimaita mini har na kasa bambance wanda na gani da wanda aka gaya mini.

Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin ɗa mai ɓarna irina ba. Da na fara tafiya, ba a ajiye komai a ƙasa. Na kifar da kurtun tawadar Baba a kan buzunsa. Na tsoma alƙalaminsa a tukunyar miya. In an shanya gero sai in zauna a tsakiya ina watsa wa kaji. Inna tana daka, ni ina riƙe da gefen zaninta, ita kuwa ba ta ko dubana, kamar ƙaya ce ta kama zanin. Sai in na yi kukan nono, sannan ta sunkuce ni ta zagaya bayan rumbu, inda inuwa take kuma ido ba ya kai wa. Gwaggo ta ce in ta shiga da ni can sai ta daɗe, har sai an ƙwala mata kira cewa tuwo zai kama. Da aka ba ni wannan labari ban ɗauke shi a bakin komai ba.

A bazarar shekarar nan, da zafi ya kai inda tsuntsu ke buɗe baki a kan reshe, Inna ta fara canzawa. Warin daddawa na tayar mata da zuciya. Kullum da tsamiya a bakinta, ko farar ƙasa a ƙulle a gefen zani. Daka uku sai ta jingina da taɓarya tana numfashi. Ni kuma zawo ya kama ni, gashina ya fara ja, ina yini ina ƙananan koke-koke. Wata rana Gwaggo ta tsaya ta dube ni, ta dubi Inna.

“Ke, zo nan. Wata nawa?”

Inna ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zani.

“Kwanika ke nan. Yaron ga ciki yake sha.”

Kwanika shi ne mace ta ɗauki ciki tana goyo. Abin magana ne a bakin rijiya, kuma kowa ya yarda nonon mai ciki guba ne ga yaro. Gwaggo ba ta ƙyale Baba ba. Ta same shi a zaure yana fiƙe alƙalami, ta ce, “Kai kuma malam, duk karatun nan naka ba a kai ka babin haƙuri ba?” Baba bai ɗago ba. Ya ce, “Yaya, Allah ne mai rabawa.” Ta ce, “To, ya raba. Sai ka ɗauko allo.”

Aka yanke a yaye ni tun lokaci bai yi ba, a kai ni wurin Kaka. Ƙauyen su Kaka yana ƙetare, cikin ƙasar Faransi, ta hanyar Maraɗi. Iyakar a wancan zamani ba wani abu ba ce, rumfa ce da sanda a gicce, da mutum biyu masu gajeren wando suna leƙa mangalar jaki. Dangi a nan, dangi a can, gona ma wani tasa ta ratsa. Amma tafiyar rabin yini ce, kuma akwai gulbi a tsakani. Ga mai ciki, da nan da Makka duk ɗaya.

Ran Juma'a, bayan an yi ruwan shuka, Baba ya yi rubutun dangana da hannunsa, ya wanke, ya miƙa wa Gwaggo ƙoƙon. Gwaggo tana fama da ɗaurin kaya, sai ta miƙa wa Inna.

“Ungo. Ki ba shi nonon ƙarshe, ki ɗora mashi wannan. Kada ki bar ko ɗigo.”

Inna ta zagaya da ni bayan rumbu. Da ta fito, ƙoƙon babu komai, bakina kuma baƙi ƙirin har haɓa. Gwaggo ta goya ni, ƙanen Baba ya kora jaki. Inna ba ta raka mu ko zuwa zaure ba, ta koma gindin turmi. Gwaggo ta ce har muka sha kwana tana jin ƙarar taɓarya, alhali ita ta san turmin nan babu komai a ciki.

Kaka ta tarbe ni da wasan jika. “Maigida, haka ake zuwa wurin mata? Ba goro, ba cefane, sai majina?” Aka yi dariya. Dariyar ba ta kwana ba. Na fara kuka tun la'asar, kuma ban daina ba. Aka dama koko na ƙi. Aka kawo fura na tofar. Aka tatso nonon akuya na dantse baki. Duk macen da ta shigo sai in rarrafa in ja zaninta, in leƙa fuskarta, in saki. Da muryata ta dishe sai na koma bin gindin rumbun Kaka ina zagayawa. Kwana bakwai, wuyana ya kasa riƙe kaina.

Kaka ta aika a gaya wa Baba, sai aka tarar gulbi ya kawo, ba mai ƙetarewa. Saƙo ya yi kwanaki a gaɓa. Matan ƙauye kuwa sun sami abin faɗa: rubutun malamin Jibiya bai ci ba, ga shi kuwa ɗan cikinsa ne. Kaka ta gaya mini daga baya cewa ta riga ta yage ƙyallen fari ta ajiye a ƙarƙashin tabarma, don kada abin ya zo a rasa abin suturta ni.

Da ruwa ya ɗan ja, saƙo ya isa, Baba ya ƙetaro, ruwa iya ƙirji, allo da gafaka a ka. Bai zauna ya huta ba. Ya yi alwala, ya sake rubutun nan harafi da harafi, ya wanke, ya buɗe bakina da yatsa ya ɗura mini da kansa. Bayan kwana biyu na karɓi kunu daga hannun Kaka. Ko rubutun ne, ko yunwa ce ta kai maƙura, Allah shi ya bar wa kansa sani. Ƙyallen nan fari shi Kaka ta ɗinka mini taguwata ta farko da shi. Bayan rasuwar Baba na ga wata 'yar takarda a gafakarsa, ya rubuta da ajami: “Na yi wa yaro dangana ba ta ci ba. Allah ka gafarta mini in da abin da na ɓata.” Ashe abin yana ransa har ya koma ga Mahalicci.

A can gida kuwa ciki yana ta girma. Inna ba ta da bakin tambayata. Gwaggo ta ce in fatake daga ƙetare suka tsaya gaisuwa a zaure, sai Inna ta sami abin yi a jikin danga, tana tsintar tsakuwa a wake da an riga an tsince. In wata mace ta zo daga ƙauyen, sai Inna ta ce mata, “Ya tsohuwata? Ya mutanen gidan?” Sai ta tsaya tana jira ko za a ƙara wani abu. Gwaggo takan tausaya ta tambaya da ƙarfi, “Yaron fa, yana cin tuwo?” Da haka aka ci damina. Ƙafafun Inna suka kumbura, amma daka da ɗiban ruwa ba ta fasa ba.

Bayan an gama ɗaurin gero ta haifi ƙanwata. Da ta yi arba'in ta zo ƙauye nuna jaririya. Wannan kam ina jin da idona na gani. Wata mace da baƙin zani na rini, da goyo a baya, tana tsaye a gindin rumbu tana kallon ƙasa. Ta ajiye ƙwarya da ƙuli-ƙuli a tsakanina da ita. Kaka ta ce, “Maigida, je ka mana, ba ka san ta ba?” Na ruga na ɓuya a bayan Kaka. Matan gida suka yi ta murna, suna cewa dangana ta kama da kyau. Matar ta gyara goyonta, ta shiga ɗaki.

Na zauna wurin Kaka har na shekara bakwai, sannan Baba ya ɗauko ni don karatu. Na tarar da ƙanwata tana hawa cinyar Inna, ana kiranta da sunanta, ana yi mata kitso ana zolayarta. Ni kuwa in an zuba tuwo sai in ji, “Kai wa wancan.” Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini. Amma yaro ba da al'ada yake auna abu ba. Abin da na ƙulla a raina shi ne, an sami sabuwa an jefar da ni. Na girma, na yi aure, na haifa, ina gaishe ta safe da yamma, ina yi mata duk abin da addini ya ɗora mini. Amma ƙullin nan yana nan, Allah ya gafarta mini.

Sai da Inna ta tsufa ta kwanta ciwon ajali. Wata rana bayan azahar ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ƙanwata tana yi mata fifita. Inna ta juya fuska wajen bango.

“Faɗa ma wancan, rubutun nan ni na shanye shi.”

Ƙanwata ta ce, “Wane rubutu, Inna? Ga shi nan zaune, ki faɗa mashi mana.”

“Ke dai faɗa mashi. Na yayensa. Ba ni kiran shi, ba ni ɗaukar shi. Nonon nan kaɗai gare ni. In ya manta shi, da mi za ya tuna ni?” Ta numfasa. “Zubarwa ba ta yiwuwa, sunan Allah ne. Sai na kafa kai. Shi kuma na kaɗa mashi baƙin tukunya a ruwa. Na ce in ni ta kama, to na huta. Ba ta kama ni ba.”

Ƙanwata ta daina fifita.

“Da aka ce ya kusa tafiya, na san ni ce. Malam ya mutu yana zargin hannunsa, na kasa faɗa mashi. Ki roƙa mani wancan ya yafe mani.”

Da ƙyar na ce, “Inna, na yafe. Ni ma ki yafe mini.” Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa ƙanwata, “Kin ji shi.” Bayan kwana biyu muka kai ta makwanci. Har ta bar duniya ban ji sunana a bakinta ba.

Yanzu ina zaune a zauren nan ina kallon yadda abubuwa suka juya. 'Yan mata suna goye da 'ya'yan fari, suna ƙwala musu kira da suna a tsakiyar titi, suna sumbatarsu a gaban surukai. Ƙauyen Kaka da muke yin rabin yini a hanya, babur yana zuwa ya dawo kafin shayi ya huce, in dai ba a rufe iyaka ba. Tsofaffi irina suna cewa kunya ta ƙare. Ni ba na sa baki. Na san abin da kunya ta ci mana, ni da baiwar Allah nan, shekara hamsin muna gida ɗaya.

Da matashin nan ya dawo karɓar rubutu, ya ɗaga gorar da na ɗura shi a ciki ya duba, ya ce, “Malam, wannan ai ya yi wa yaro yawa.”

Na ce, “Na mutum biyu ne. Ka ba uwar ta fara sha, sannan ta ba shi da hannunta. Kuma in kana jin maganata, kada ka kai shi nesa da ita.”