Akushin Mahaifiyata da Taurarin da Ke Gudun Juna

Shekarun baya, lokacin babban farin nan da ya ƙone gonaki, ina ɗalibi a kwalejin horon malamai. Ƙauyenmu yana can wajen Tofa, inda gona ke manne da gona, gamba ce kawai ke raba taka da ta maƙwabci. Mu huɗu mahaifiyata ta haifa, duk maza, ni ne auta, kuma tun tasowarmu akushi ɗaya muke sa wa hannu.

Mahaifinmu ya rasu, damina ta ƙi, ta sake ƙi. Babban yayanmu ya tafi ci-rani kudu. Mai bi masa ya hau motar hatsi daga kasuwar Dawanau, na uku ya nausa gabas. Ɗan ci-rani kuwa ruwan farko ke dawo da shi gida. Ruwa bai zo ba, su ma ba su zo ba.

Da na dawo hutu, na tarar mahaifiyata ba ta daina sa tuwo a wannan ƙaton akushi ba. Ɗan tuwon bai fi dunƙulen hannu ba, ya zauna can ƙasa, sai na zura hannu har gwiwar hannu kafin in taɓo shi. Ƙanwarta ta sha ce mata ta sa min a ƙaramin kwano, abin yana tayar da hankali. Ita kuwa kullum a akushin take sawa.

Wata rana bayan la'asar tana gyaran ganyen tafasa, ta ce, "Auta, me ake koya muku ne a can?" Ni kuwa dama a cike nake, neman wanda zan zazzage wa nake yi. Na gyara zama kamar ni na gano abin. Na ce malaminmu ya ce sararin samaniya ba a tsaye yake ba, buɗewa yake yi kullum, taurari kuma gungu-gungu suke, kowane gungu yana nisa da ɗan'uwansa.

Ta ce, "Wa ya kore su?"

Na ce, "Inna, ba korar su aka yi ba. Kin tuna ƙullun fankenki, lokacin da kike yi na sayarwa? A ce kin barbaɗa riɗi a kai. In ya kumbura, kowace ƙwaya za ta yi nisa da 'yar'uwarta, alhali babu wadda ta motsa. Wurin ne ya buɗe a tsakaninsu."

Ta ajiye ganyen. Ni ina nan ina jiran a yaba min. Sai ta ce, "To za su dawo?"

A nan na gane ba taurari take tambaya ba. Na faɗa mata gaskiyar abin da aka koya mana: masanan sun rabu biyu. Wasu sun ce wata rana buɗewar za ta tsaya, komai ya juyo ya haɗe wuri ɗaya. Wasu sun ce haka za a yi ta tafiya, har wani gungu ya daina hango wani, taurari su mutu ɗaya bayan ɗaya, ya rage sai sanyi da duhu.

Ta ce, "Allah ne masani. Amma ni ina bayan na farkon." Ta ɗauki ganyenta ta ci gaba.

Da hutu ya ƙare na ce zan zauna da ita, ta hana. Ta ce in tafi, akushi yana nan.

Ruwa ya dawo daga baya, gero ya yi. Yayyena ma sun riƙa zuwa, amma ɗaiɗai: wannan da ƙaramar Sallah, wancan da kaka, kowa ya yi iyali a inda yake. Duk wanda ya zo, a akushin nan zai ci shi kaɗai. Ba mu taɓa haɗuwa mu huɗu a gidan ba sai ranar da aka yi sadakar ukunta. Ƙanwarta ce ta tuƙa tuwo, ta cika akushin har baki, ta dire a gabanmu. Muka zauna muna kallonsa, aka rasa mai fara sa hannu.

Yanzu ni nake koyar da wannan darasi, kuma an ce masana sun fi karkata ga na biyun, har ma buɗewar ƙara sauri take yi. Haka nake faɗa wa ɗalibaina, ba na ragewa. Sai dai duk shekara sai an sami mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to za su dawo?" Har yau sai na ɗan juya wajen allo kafin in iya amsawa. Mu dai mun dawo, Inna. Mun makara ne kawai.