Ranar da Baba ya ba Bebiya ruwan sabulu

Shekarun baya na sayi wata mota ta hannu, irin wadda ke tafiya da fetur da batir a lokaci guda. Ina aiki a Gagarawa, ina kwana a gidanmu na Gumel, kullum ina bisa hanya, shi ya sa na nemi wadda ba ta shan mai. Ranar da na shigo da ita gida, mahaifina yana zaune a ƙofar zaure. Har na tsaya a gabansa bai san mota ta iso ba, domin idonsa ya riga ya yi rauni, ita kuma ba ta ƙara idan tana kan batir.

Ya shafa ta, ya ce, "Tayar mu ji."

Na ce, "Baba, ai a tashe take."

Sai ya ce, "Ikon Allah. Bebiya ka sayo mana." Sunan da ya bi ta ke nan.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Maigatari da Damagaram. Da ido ya hana shi tuƙi, abu ɗaya ya rage masa na sana'ar: duba ruwa. Kowace safiya sai ya fito da butarsa, in buɗe masa bonet, ya lallaɓa ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Je ka, ta sha." Ni kuwa da ban san bambancin lagireto da tukunyar shayi ba, sai in ce na gode in kama hanya.

Wata Alhamis cikin bazara ya ce in kai shi kasuwar Maigatari, yana so ya gaisa da tsofaffin abokan tuƙinsa. Na san gaskiyar zancen: so yake ya nuna musu motar ɗansa. Ya sa babbar riga har da turare. Ina wanka ya sa aka buɗe masa bonet, ya gama hidimarsa kafin in fito.

Mun kusa shiga Maigatari sai wata jar alama ta kama a gabana, motar ta saki jiki. Ina taka totur tana jan ƙafa kamar wadda ta yini da azumi. Na gangara gindin wata bishiya na kira abokina bakanike, wanda ya koyo gyaran irin waɗannan motoci a Kano. Bai daɗe ba ya iso a babur. Ya jira ta huce, ya duba babbar gorar ruwan injin, ya ga lafiya lau. Da ya buɗe wata ƙarama da ke gefe, sai kumfa ta taso fara fat.

Bai san wanda ya yi ba, sai ya ɗaga murya: "Kai! Wane gwani ne ya ɗura sabulu a nan?"

Baba yana tsaye a bayana. Ya ce, "Ni ne. Na ji ta yi ƙasa, na ɗauka ta ruwan wanke gilashi ce."

Haka direbobinmu suka saba, su kaɗa garin sabulu a ruwa su zuba a gorar gilashi. A duk motar da Baba ya taɓa tuƙawa, wurin ruwan sanyaya inji ɗaya ne, duk wata ƙaramar gora kuwa ta ruwan wanke gilashi ce.

Abokina ya rusuna, kunya ta kama shi. Ya ce, "Gafarta Baba, wallahi ba kai kaɗai ba ne. Wannan motar hanyar ruwa biyu gare ta." Ya yi masa bayani a hankali. Babbar gora ta injin fetur ce, ruwanta yana zagaya injin ya kwaso zafi ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi ya komo, kamar yadda Baba ya sani. Ƙaramar kuwa ta inbata ce, akwatin da ke sarrafa wutar batir kafin ta juya ƙafafu. Shi ma yana ɗaukar zafi, kuma ba ya jure abin da inji ke jurewa, shi ya sa aka ware masa nasa ruwan da nasa ɗan famfo mai aiki da lantarki. Kumfa ta hana famfon tura ruwa, akwatin ya yi zafi, motar ta rage wa kanta ƙarfi don kada ya ƙone.

Aka ja ta zuwa Gumel, aka wanke hanyar, aka zuba ruwanta mai launin hoda. Ba abin da ya lalace. Kasuwa dai ba mu je ba.

Washegari na buɗe bonet na tsaya jira. Bai fito ba. Jibi ma haka. Da na leƙa ɗakinsa na ce zan tafi, sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Motocin yanzu sun fi ƙarfin makaho." Maganar nan ta soke ni ƙwarai. Butar tana rataye a ƙusa, shi kuma ya daina zaman ƙofar zaure gaba ɗaya.

Na koma wurin abokina na ce ya san yadda zai yi, tunda bakinsa ne ya jawo. Ya yi dariya, ya ce akwai abin da ya kamata a riƙa dubawa da gaske: ɗan famfon nan yakan mutu ba sanarwa. Idan mota tana kunne, mai ido zai ga ruwan gorar yana motsi, wanda ya ɗora hannu kan tiyon kuma zai ji yana rawa kaɗan-kaɗan.

Da safe na je na durƙusa na ce, "Baba, an ce in riƙa jin famfon nan da hannu, ni kuma na kasa bambancewa." Ba ƙarya na yi ba, hannuna na riƙon biro ne. Sai ya lalubi takalminsa. Na ɗora yatsunsa kan tiyon, na kunna motar. Ya karkata kai, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Ashe tana magana. Ƙasa-ƙasa take yi."

Ya sa aka kawo masa zare, ya ɗaura a wuyan ƙaramar gorar don hannunsa ya riƙa gane ta. Daga ranar ya koma bakin aikinsa, ba buta, sai tafin hannu. Alhamis ta gaba muka je Maigatari, na ji shi yana gaya wa abokansa cewa motar ɗansa ciki biyu gare ta, kuma kada wanda ya kuskura ya ba ƙaramin sabulu, shi ya gwada.

Na daɗe ina ɗauka motar ce ke bukatar dubawar nan ta safe. Sai da ya daina fitowa na gane wanda ke bukatarta. Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bebiya ta tsufa, masu saye sun taya na ƙi. Zaren yana nan a wuyan gorar, ya yi baƙi. Kowace safiya nakan ɗora hannu kan tiyon, har yau ban iya ji sosai ba, amma nakan ce mata, "Je ki, kin sha."