Kwalbar da Dachung Ya Ba Uwarsa

Da kuɗin burkutu aka yi wa Dachung makaranta. Uwarsa Ngo Kaneng ce ke dafa ta a Bukuru, kuma ba ta taɓa sayar da ko ƙwarya ɗaya ba sai ta fara tsiyaya wa ƙasa kaɗan saboda magabata. Shi kuwa ko ɗanɗanawa bai taɓa yi ba. Ya zo Greensboro ta Amurka, ya samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, ya zama mai nuna wa mutane wurin zama a coci. Mutum ne mai sanyin hali, amma ba ya mantuwa.

Shekarar da uwar ta rasu, ya je liyafa gidan wani ɗan ƙasarsu, Desmond, a Pleasant Garden kusa da Greensboro. Desmond ɗin nan ma'aikacin banki ne mai tara bourbon, wuskin Amurka da ke shekara da shekaru a ganga. Ya jera kwalabe a kabad ɗin gilashi, ba ya sha, ba ya bayarwa, sai dai ya faɗi farashi. Dachung ya ɗauki ɗaya yana dubawa. Desmond ya fizge, ya goge ta da hankici a gaban kowa.

"Please, ɗan'uwa, wannan ba ƙwaryar burkutun mamarka ba ce."

Aka yi dariya. Dachung ma ya yi murmushi.

A wurin ya ji cewa wata kwalba ɗaya, mai giya 'yar shekara ashirin da uku, ta gagari Desmond. 'Yan kaɗan ake fitarwa, shagon giya na hukuma kuma sai ta ƙuri'a yake sayarwa. Daga nan Dachung mai aikin coci ya shiga sa suna a ƙuri'ar giya duk shekara. Matarsa Yemima ta yi faɗa har ta gaji. Mahaƙurci mawadaci, a shekara ta biyar sunansa ya fito, ya biya dala ɗari uku da wani abu.

Kafin Lahadi labari ya kai Pleasant Garden. Desmond ya kira, ya taya kwalbar dala dubu uku, ya koma dubu huɗu. Yemima ta tuna wa mijinta cewa rufin gidansu na McLeansville yoyo yake yi. Dachung ya ji zafin maganar, don gaskiya ce. Amma ya ce wa Desmond ya zo ranar tunawa da Ngo, za su daidaita.

Ranar aka cika bayan gida, ana gasa nama. Desmond ya iso da akwati mai soso a ciki na ɗaukar kwalbar. Dachung ya fito da kwalbar da tsohuwar ƙwaryar uwarsa. Ya murɗe marfin a hankali, ya juye ta duka a ƙwaryar.

Desmond ya ce, "Wait, Dachung, ka san nawa ne wannan?"

"Na sani, Oga. Kai ka koya mini."

Ya durƙusa, ya kira sunan uwarsa, ya tsiyaye ƙwaryar a ciyawa har ɗigon ƙarshe. Ƙamshi ya cika wurin. Yemima ta dubi rufin, ta kau da kai.

Sai Dachung ya ciro hankici, ya goge kwalbar tsaf, ya miƙa wa Desmond.

"Ga ta, kyauta. Ai dama ba sha kake yi ba. Mamata ta sha, kai ka ajiye."