Farin Goron Kawu Ɗanjuma a Kan Teku

Duk wanda ya taɓa shiga danfo, motar hayar nan ta Legas, da Kawu Ɗanjuma a Agege ya san gidan gaba nasa ne, koya wa direba tuƙi kuma aikinsa ne. Mutumin da ko keke bai iya ba! Wata rana za shi Abekuta, direba ya gaji da surutunsa ya sauke shi a Iyana Ipaja. Nan take Kawu ya rantse shi da motar doguwar tafiya har abada.

Shekarar da soja suka koma bariki aka aiko cewa amininsa Malam Isa na kwance a Lome, yana ta kiran sunansa. Shekara ashirin rabon su da juna.

Na ce, "Kawu, ka yi kaffara mu hau mota mana."

"Azumin kwana uku saboda direba? Allah ya kiyaye! Ta ruwa za mu."

Haka na rufe shagon ɗinkina muka shiga kwalekwalen 'yan kasuwa mai inji, tafiyar kwana biyu, da kwandon farin goro na tsaraba. Mai tuƙin wani Bayarabe ne, Rasaki. Wunin farko kam ba zan manta da shi ba. Ko awa ba mu yi ba cikin Kawu ya fara juyawa. Sai ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da zobe, yadda ake yi a danfo.

"O wa! Akwai mai sauka!"

Rasaki ya rage wuta. "Bismilla, Baba. Sauka."

Kawu ya leƙa ruwa, ya hango itatuwan kwakwa can nesa kamar tsinken tsintsiya. "Bari dai a kai tasha ta gaba."

Da azahar ya daidaita gabas ya kabbarta, jirgi ya karya kwana. Ya sallame. Ya sake, jirgi ya sake juyawa.

"Rasaki! Sau biyu kana ɗauke mini gabas! Ajiye ta wuri ɗaya!"

Wallahi sai da aka kashe inji, mutum goma sha wani abu muna lilo a kan igiyar ruwa har ya idar.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ruwan shanmu. Rana na dukanmu, Kawu sai yayyafa wa goro yake yi, ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe kwandon don kada gishirin teku ya taɓa shi.

"Kawu, ƙishirwa za ta kashe ni!"

"Kai in ka bushe, ka sha ruwa ka dawo. Goron Isa fa?"

Washegari muka sauka, leɓena duk ya tsage, goro kuwa kamar yanzu aka ɓare shi. Muka tarar da Malam Isa da ransa. Ya buɗe baki zai yi dariyar murna, ashe ko haƙori ɗaya babu! Na tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

Kawu kuwa sai ya miƙe. Ya nemo gwangwanin madara, ya huda shi da ƙusa, ya goge goron ya yi laushi, ya riƙa ba shi a baki da hannunsa. Nan dariyata ta koma hawaye.

Sati guda Malam Isa ya ƙara a duniya, Kawu ya bi shi bayan shekara. Allah ya jiƙan su, ya haɗa su a inuwa ɗaya inda babu sauran rabuwa. Amin.