Fiston da Muka Sassaƙe

Mu a gidanmu sassaƙa muka gada. Babanmu jiragen ruwa yake yi a bakin kogi, nan Gaya, kuma doka ɗaya ya koya mana, ni da yayana: in abu ya ƙi shiga, shafa masa baƙin tukunya ka gwada. Inda baƙin ya goge, nan ya kama, sai ka rage. Da ita muke haɗa katakon jirgi, da ita muke sa ƙotar fartanya.

Shekarar da sojan Najeriya suka rufe iyaka, namu sojan kuma suna nasu mulki a Yamai, Baba ya tafi Junju jinyar ƙanensa. Ya bar mana gonar shinkafar rani, karo na farko. Mu da gemunmu, amma har tafiyarmu ta sake don jin daɗi. Shinkafa ta ɗauki ciki, lokacin da kwana uku ba ruwa ya isa ya gama da ita, sai injin ban ruwa ya yi tari ya mutu.

Mai garajin unguwarmu, wani dattijo Bazabarme, ya buɗe shi. Ya nuna mana fiston, wannan ƙarfen mai kamar gwangwani da ke hawa da sauka cikin raminsa, ya ce ya cinye, mu nemo sabo. Ya rubuta lamba a takarda. Kayan Najeriya ba sa shigowa, don haka Yaya ya ƙetare gada zuwa Benin, ya karaɗe kasuwa, ya samo guda ɗaya tak. Yana dawowa muka ruga garaji, aka ce dattijo ya tafi bikin suna a Tanda, sai gobe.

Gobe? Mu ƴaƴan masassaƙi mu zauna jiran gobe? Muka gwada fiston a rami, ya ƙi shiga. Da kaɗan, wallahi kaurin farce bai kai ba. Yaya ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya tare.

"Ɗauko baƙin tukunya," in ji Yaya.

Kai, ranar mun ji daɗin duniya! Ƙarfen laushi ne da shi, magagari na cinsa kamar sabulu. Mu shafa, mu gwada, mu rage. Yaya na waƙa, ni ina kiɗa a gindin garwa. Na ce Nasara sun yi ƙarya, abin da suke ɓoyewa a lekkol, makarantarsu ta boko, ga shi mun gano a gindin mangwaro. Yaya ya ce ni da na gudu daga lekkol tun aji biyu in rufe masa baki. Sababbin zobban da ake sa wa fiston suka ƙi zama, muka mayar da tsofaffin. Kafin la'asar fiston ya zurma sumul. Har maƙwabtan gona muka kira su zo kallo.

Yaya ya tofa bisimilla ya ja igiya. Fuf. Ya sake ja. Fuf, fuf. A ja na bakwai injin ya yi wani atishawa ya watsa masa baƙin mai a fuska, idanu kawai ake gani. Masunta biyu cikin ƴan kallo suka faɗi ƙasa don dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini, har cikina ya ƙulle.

Da safe mai garaji ya zo, ya zaro fiston, ya juya shi a hannu. Shi ma sai da ya zauna a kan kunyar gona ya yi dariya har da hawaye.

"Samari, wa ya yi masa fuska arba'in? Wuta ce ke tashi cikin ramin nan, tana turi ko'ina daidai wa daida. Shi ya sa ake yin su zagaye, kamar rijiya. Inda duk aka samu kusurwa, nan zafi ke taruwa, nan ake tsagewa. Inda aka samu shafe, nan ƙarfi ke sulalewa. Jirgi in ya yi kafa kwa cusa tsumma. Wuta fa, da me za ku toshe ta?"

Yaya ya ce, "To ai ya yi girma ne, dattijo."

Nan dariyar dattijo ta tsaya. Ya ce da gangan ya rubuta mai girman, don ramin ya riga ya lashe, ya zama kamar ƙwai. Ramin za a kai Dosso, injin da ke juyawa ya gyara zagayensa daidai da sabon fiston. Aikin yini ɗaya. Hannu ba ya yanka zagaye irin wannan, ko na wane ne. Wani fiston kuwa babu, daga nan har Benin.

Muka koma garwa. Daga kogi zuwa gona, mu biyu da matanmu, muna zubawa ƙasa na shanyewa. A kwana na huɗu, rabin gona ya riga ya yi fari, Baba ya dawo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗauki fiston ya shafa shi da babban yatsa, ya daɗe.

"Aikin ya yi tsabta," ya ce. "Ni na koya muku dokar nan, ban kuwa gaya muku inda take tsayawa ba."

Ya tuɓe rigarsa, ya karɓi garwar da ke kan matata, ya gangara kogi. Tsoho mai ciwon baya, muna biye da shi.